Allurar rage ƙiba "daga kamfani": ki dakata kafin ki tura kuɗin adashenki

Kwanan nan rabin saƙonnin da ke shigo mini a kan allurar rage ƙiba suke. Na zaɓi huɗu, na cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

"Salamu alaikum Yaya. Shekaruna 41, nauyina kilo 104, tsawona mita ɗaya da santi 62. Gwiwoyi sun hana ni sakat, ko sallah a zaune nake yi, ga hawan jini. A gurup ɗinmu na WhatsApp wata ta ce allurar ta yi wuya a duniya, amma ita tana da hanyar saye kai tsaye daga kamfanin da ke yin ta, ba ɗan tsakani. Sai dai a biya tukuna, jika 180 na wata uku, kaya su iso bayan sati uku. Ni zan kwashi adashe ƙarshen wata. In tura? Ƙanwarki daga Birni."

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki tura ko dala.

Maganar matar nan ta shiga kunne ne don akwai gaskiya a jikinta, shi ya sa zan faro miki daga tushe. Kamfanoni biyu ke riƙe da wannan kasuwa. Novo Nordisk na ƙasar Denmak shi ke yin semaglutide, wanda Amurka ta amince da shi da sunan Ozempic don masu ciwon sukari a 2017, sannan da sunan Wegovy don rage ƙiba a 2021. Eli Lilly na Amurka kuma shi ke yin tirzepatide, Mounjaro a 2022, Zepbound a 2023. Allura ce ta ƙarƙashin fata, sau ɗaya a sati. Tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke saki bayan an ci abinci, sai abincin ya daɗe a ciki, sha'awar ci ta ragu, mutum ya yi loma kaɗan ya ji ya ƙoshi. Kuma tana aiki, ban ɓoye miki ba. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, waɗanda suka yi Wegovy na sati 68 sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu. A jikinki wajen kilo 15 ke nan.

Ƙarancin ma ya faru. Daga 2022 masu nema suka fi ƙarfin masana'anta, har hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa su cikin jerin magungunan da suka yi wuya. Cikin wannan hali Eli Lilly ya buɗe shafin LillyDirect a watan Janairun 2024, a watan Agusta kuma ya fara sayar da Zepbound a ƴan kwalabe ga masu biya daga aljihunsu, dala 399 a wata ga mafi ƙanƙantar awo. Novo Nordisk ya biyo baya a watan Maris na 2025, yana ba da Wegovy a kan dala 499 a wata. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. A can wannan rangwame ne babba, don a lokacin farashin da ke rubuce ya haura dala 1,000.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Waccan ƙofa an buɗe ta ne ga wanda ke zaune a Amurka, yana da takardar likitan can da sunansa, yana da adireshin da za a kai masa a can. Ko a hakan, ta hannun farmasi mai lasisi maganin ke fita. Kamfanin ba ya ciniki a WhatsApp, ba ya karɓar kuɗi ta lambar wayar wata mata. Duk wanda ya ce miki "ba ɗan tsakani", alhali shi za ki tura wa kuɗin, to shi ne ɗan tsakanin.

Yanzu ɗauko lissafi. Dala 499 ta kusa jika 300. An rage farashin bayan nan, amma har yau maganar ɗaruruwan daloli ce kowane wata. Ita kuwa jika 60 take nema a wata, har da kuɗin jirgi, da na duwan, da ribarta. Kin taɓa ganin wanda ya sayi rago jika 300 ya kawo shi Kasuwar Dole ya sayar jika 60? Batun ƙarancin kuma ya tsufa: FDA ta cire tirzepatide daga wancan jeri a ƙarshen 2024, ta cire semaglutide a watan Fabrairun 2025. Ana faɗa miki "ta yi wuya" ne don ki yi sauri kada ki tsaya tambaya. Abin da ke damunmu a nan daban ne, maganin bai cika shigowa ba saboda masu iya sayensa kaɗan ne.

In kin tura, ɗayan biyu ne. Ko lambar ta mutu kuɗinki su tafi, ko kaya su iso. Wallahi na biyun ya fi ba ni tsoro. A watan Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi Ozempic na jabu, sukarin jininsu ya faɗi warwas, don insulin, maganin sauke sukarin jini na masu ciwon sukari, aka zuba a ciki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. In har ya ratsa ƙasashen da ke da masu bincike a kowace kafa, ina ga kwalin da ya biyo mota ba wanda ya san inda ya kwana? Ki tuna ke kaɗai za ki yi allurar nan a ɗaki, wataƙila da dare. Insulin a jikin wanda ba ya buƙatarsa gumi ne, da rawar jiki, da suma, wani lokaci ba a farkawa.

Ga abin da nake so ki yi. Da nauyinki da tsawonki, ma'aunin da likitoci ke kira BMI ya haura 39, kuma daga 30 ake fara maganar wannan magani, ko 27 in da wata cuta kamar hawan jini. Wato buƙatarki ta gaskiya ce, ba ta ado ba, kada kowa ya sa ki jin kunya. Ki je babban asibitin Zinder ko wajen likitan da ke duba hawan jininki, a auna sukari da ƙoda, a tambaye ki ko an taɓa ciwon dajin maƙoshi a danginku, ko kin taɓa ciwon saifar sukari da ake kira pankiriyas, ko tsakuwar matsarmama. In ya rubuta miki ordonans, ki kai farmasi mai lasisi su tambayo miki wajen dillalan da doka ta yarda su shigo da magani, su faɗa miki farashi. Wannan farashin ki ninka shi sau 12. Dalili kuwa, waɗanda suka daina allurar a wancan gwaji, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Wata uku ba ya kai ki ko'ina, a lokacin ma ba ki kai cikakken awo ba. In kuɗin shekara ba zai samu ba tare da sayar da ɗan kunne ko cin bashi ba, ni a ganina kada ki fara.

Adashen nan zai fi miki amfani a maganin hawan jini da ba ya yankewa, da awon jini a kai a kai. Sukarin fura da na shayi da lemon kwalba, su za ki fara ragewa, sai tuwon dare. Ko kilo biyar zuwa goma kika sauke, gwiwa za ta shaida. Akwai kuma abin sa rai: 2026 ce shekarar ƙarewar wa'adin mallakar semaglutide a Indiya da Sin da Birazil da Kanada, wato daga nan wasu kamfanoni ma na iya yin sa, kuma Indiya na cikin manyan masu kawo wa Afirka magani mai sauƙin kuɗi.

"Malama, ƙanena yana zaune a Niyok. Ya ce zai je wajen likita ya karɓi takarda da sunansa, ya sayi Wegovy daga kamfani, ya ba matafiyi ya kawo wa maiɗakina. Tun haihuwarta ta uku jiki ya hau, yaron yana wata bakwai. Tunda daga kamfani ne ai ba jabu. Mene ne aibinsa? Malamin makaranta, Sabon Gari."

Malam, ta fuskar jabu kana da gaskiya, kuma Allah ya saka wa ƙanenka da alheri kan zumunci. Amma magana ta ƙare tun a wata bakwai ɗin nan. Mai shayarwa ba a ba ta wannan allura, haka mai ciki, kuma mai niyyar ɗaukar ciki sai ta daina da aƙalla wata biyu. Jikin da ya hau bayan haihuwa, a bar shi tukuna har a yaye yaro.

Ko bayan yaye, hanyar tana da ramuka. Likitan Niyok jikin ƙanenka zai auna, bai san na maiɗakinka ba, kuma ƙanen naka zai yi wa likita ƙarya ke nan, abin da ka iya jawo masa fitina a ƙasar mutane. Sannan allurar hawa-hawa ce: ana farawa da miligiram 0.25, duk sati huɗu a ƙara, sai bayan sati 16 a kai 2.4. Tashin zuciya, amai, zawo ko taurin ciki sun fi zuwa a wajen ƙarin nan, kuma amai da zawo a zafinmu na bazara suna saurin busar da jiki su taɓa ƙoda. Wa zai ce a dakata, wa zai ce a ci gaba? Ga tafiyar kanta: daga Niyok zuwa Yamai, daga Yamai kilomita wajen 900 a mota, kuma ba sau ɗaya ba, kowane wata sai an samu matafiyi. Ranar da ba a samu ba, an koma baya.

Tambaya ɗaya kuma, cikin girmamawa: ita ce ta nema, ko kai ne ka ga ya dace? A wasiƙar ban ji muryarta ba. In ita ke so, ƙanenka ya turo kuɗin maimakon maganin, ka kai ta likita a nan bayan yaye.

"Hajiya, ina da ciwon sukari, likita ya rubuta mini Ozempic, ɗana ke sayo mini a farmasi a Yamai. Damuwata kuran. Wani lokaci a wuni babu. In sayi na wata shida in ajiye saboda yankewa? Ɗan kasuwa, Zango."

Alhaji, kada ka tara. Allurar a siffar biro take zuwa, kuma biron da ba a buɗe ba yana son sanyin firigo ne, digiri 2 zuwa 8, kuma firigon da ke wuni a kashe ba ya riƙe wannan. Ɗaya a hannu, ɗaya a ajiye ya isa, sai ɗanka ya riƙa sanar da farmasin da wuri. In akwai wanda ka yarda da shi mai firigon sola, can za ka kai na ajiyar. Kada ka kusantar da shi wajen ƙanƙara, don in ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wajen kawowa ma haka, a sa a kula da ƙanƙara amma a naɗe shi da tsumma kada su haɗu, kuma ya zauna kusa da mai riƙonsa, ba a saman mota cikin kaya ba.

Wanda ka fara amfani da shi ya fi haƙuri. Takardar na Turai ta ce sati shida muddin zafi bai haura digiri 30 ba, ta Amurka ta ce kwana 56, ka bi wadda ke cikin kwalinka. Sai dai ɗakunanmu a Afirilu da Mayu sun wuce 30 nesa. Nan dabarar tukunya cikin tukunya ke da rana, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ka sa biron a roba mai murfi kada ruwa ya taɓa shi. Tana taimakon wanda aka buɗe, amma ba ta kai sanyin da sabo ke so ba. Kafin kowace allura ka ɗaga shi ka duba, ruwan ya zama garau, in ya yi gurɓi ka yar.

In ranar allura ta wuce maka, kana iya yi cikin kwana biyar, in sun wuce ka jira ranarka ta gaba, kada ka haɗa biyu. In kuwa makonni suka shuɗe babu, koma wajen likita kafin ka ɗora daga inda ka tsaya. Kafin azumi ma ka je ku zauna.

"Anti, kafin bikina ƙawaye suka ba ni ƙwayoyin sha ka fashe don in cika ido. Shekara guda ke nan ina sha. Fuskata ta kumbura, ciki ya fito, fata ta yi zane-zane. Yanzu allurar ragewa nake nema. Amarya, Garin Malam."

Ƴata, allura ba ta cikin maganarki yanzu. Ƙwayoyin nan galibi akwai wani magani mai suna dexamethasone a cikinsu, kuma alamun da kika lissafa irin nasa ne. Yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana ta da sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi. Ki saurare ni da kyau a nan: kada ki daina sha rana ɗaya don kin karanta wannan. Bayan shekara ana sha, jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum har ya kai ga rasa rai. Likita ne zai rage miki kaɗan-kaɗan. Gobe da safe ki ɗauki ƙwayoyin da ledarsu ko kwalinsu, ki tafi asibiti ba ki karya ba don a auna sukari, ki faɗa wa likita guda nawa kike sha a rana da tun yaushe. In kina jin nauyin zuwa ke kaɗai, ki tafi da yayarki ko innarki.