Gwajin asibiti ya ce suga lafiya lau, na'urar gida ta ce a'a

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata na fama da ciwon suga. Na'urar gida kullum sama take nunawa, amma gwajin HbA1c da aka yi mata nan Gombe ya fito kusan daidai. Likitanta ya sa aka yi mata gwajin sikila, aka ce AS ce. Mene ne haɗinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Likitanta ya kyauta.

HbA1c na cikin abubuwan da muke kira alamomin cuta a jini, wato sawun da ciwo ke bari mu bi. Suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, shi ne abin da gwajin ke aunawa, su kuma ƙwayoyin suna rayuwa kimanin kwana 120, shi ya sa gwajin ke ba da labarin wata biyu zuwa uku. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kashi 6.5 a matsayin iyakar gano ciwon. To amma mai SS ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu, suga bai gama mannewa ba, sai sakamako ya fito ƙasa. Mai AS kuwa, wasu na'urorin gwajin HbA1c ne ke ruɗewa da jininsa. Ƙarancin jini ma kan karkatar da sakamakon. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kin ga ba ƙaramin lamari ba ne.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin ma'aunan nan a jikin Turawa aka tsara su. Yanzu ne bincike ya fara waiwayo mu. A 2021 aka cire launin fata daga lissafin aikin ƙoda a Amurka, kuma binciken da aka yi a Najeriya da Gana, wanda ya fito a 2024, ya nuna wasu nau'ikan ƙwayar gado ta APOL1 na ƙara mana haɗarin ciwon ƙoda.

Kada Hajiya ta rage magani saboda wannan sakamakon. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awon safe kafin ta karya, da na bayan abinci da awa biyu, har sati biyu, ki kai wa likita. Ki tambaye shi gwajin furuktosamin, mai duba sati biyu zuwa uku, wanda babu ruwansa da sikila. A duba mata ƙoda da fitsari kuma.