Rufus Thomas: mawaƙin soul ne ko ɗan barkwanci?

Tambaya: Na lura cewa fitattun waƙoƙin Rufus Thomas na Amurka kusan duk a kan rawar kare ne da ta kaza. Shin ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan salon soul, ko kuwa ɗan barkwanci ne kawai?

Amsa: Ana lissafa shi, kuma barkwancin nasa sana'a ce da ya koya tun yana saurayi. An haife shi a 1917 a Cayce ta jihar Mississippi, ya tashi a birnin Memphis, sannan a 1936 ya shiga ƙungiyar Rabbit Foot Minstrels, 'yan wasan da ke yawo gari-gari suna kafa tanti, inda ba a raba waƙa da rawa da ban dariya. Daga baya ya riƙa gabatar da gasar sababbin mawaƙa a titin Beale, kuma a 1951 ya fara aiki a gidan rediyon WDIA mai shirye-shirye domin baƙar fata, duk da haka bai bar aikinsa a wata masana'antar yadi ba, inda ya shafe fiye da shekara 20.

Abin da ya fi nuna matsayinsa shi ne kamfanonin faifai biyu da suka ɗaukaka sunan Memphis duk sun fara ganin kasuwa ne da muryarsa. A 1953 ya yi "Bear Cat" a kamfanin Sun, martani ga "Hound Dog" ta Big Mama Thornton. "Bear Cat" ce waƙar kamfanin ta farko da ta yi fice, sai dai kamanninta da ta asalin ya jawo wa mai kamfanin, Sam Phillips, shari'ar haƙƙin mallaka. A 1960 kuma ya rera "Cause I Love You" tare da 'yarsa Carla a ƙaramin kamfanin Satellite, wanda ya koma Stax, kuma karɓuwarta ce ta sa kamfanin Atlantic ya ƙulla yarjejeniyar rarraba faifai da su.

Waƙoƙin da kake nufi sun zo daga baya: "Walking the Dog" a 1963, wadda mawaƙan Birtaniya Rolling Stones suka sake rerawa, da "Do the Funky Chicken" da ta yi tashe a 1970. Kalmominsu wasa ne, amma kiɗan ba wasa ba ne, domin ƙwararrun makaɗan Stax ne suka buga shi, kuma a ganina duk wanda ya saurari yadda yake saƙa murya tsakanin bugun ganga zai gane cewa tsohon ɗan rawa ne ke waƙar. A Wattstax, taron waƙa da Stax ya shirya a 1972 a Los Angeles, yana da shekara 55, jama'a sun kwararo cikin fili suna rawa, shi kuma ya lallashe su da raha har suka koma kujerunsu.

Bayan rushewar Stax a 1975 ya ci gaba da wasa da aikin rediyo. Ya rasu a Memphis a Disambar 2001 yana da shekara 84.