Me Ya Kawo Sojan Italiya Kasala?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakana, wanda iyayensa suka baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji har zama ya kama su a Kasala, yakan ba mu labarin shekarar da sojan Italiya suka shigo garin. A makaranta kuwa an koya mana cewa Yaƙin Duniya na Biyu ya soma ne a Polan a 1939. Yaya aka yi rigimar Turawa ta iso gindin duwatsun Taka? Daga mai karatu a Kasala.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kakanka gaskiya ya faɗa, malamanka ma ba su yi kuskure ba, sai dai 1 ga Satumba 1939 rana ce da wutar ta tashi sama, alhali an shekara takwas ana tara mata itace.

A 1931 sojan Japan suka mamaye Manchuriya, wani yanki na ƙasar Sin, kuma da majalisar ƙasashen duniya ta lokacin, mai zama a Janiba, ta ce ba ta yarda ba, sai Japan ta fice daga cikinta a 1933, ta ci gaba da riƙe abin da ta kama. A shekarar ne Hitila ya hau mulkin Jamus. Yarjejeniyar 1919, wadda aka yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ƙayyade wa ƙasarsa soja 100,000 kacal, amma a 1935 ya dawo da ɗaukar soja na dole, ba wanda ya tare shi.

Abin da ya fi shafarmu, wanda kuma har yau yake ci mini rai, shi ne na maƙwabciyarmu Habasha. A Oktoba 1935 Musolini, shugaban gwamnatin Italiya, ya auka mata daga Iritiriya da Somaliya, jiragensa suna zubo iska mai guba a kan soja da talakawa. Majalisar ta sa wa Italiya takunkumi, amma ta cire man fetur daga ciki, ga shi kuwa da shi tankoki da jirage suke tafiya. Ingila ma ba ta rufe mashigin Suwez ba, saboda haka jiragen ruwa maƙare da soja da makamai suka yi ta ratsa Bahar Maliya, suna gifta gaɓar Sudan zuwa tashar Masawa ta Iritiriya. Adis Ababa ta faɗi a Mayu 1936. Wata guda bayan haka Sarkin Habasha Haile Selassie ya tsaya a Janiba da kansa yana neman agaji, aka saurare shi, sannan aka janye takunkumin.

Hitila ya ga yadda aka yi, ya haɗiye Ostiriya a 1938, aka miƙa masa wani yankin Cekoslobakiya a taron Munik, ya ƙarasa da birnin Parag a Maris 1939.

Da Italiya ta shiga yaƙin a gefen Jamus ranar 10 ga Yuni 1940, sojanta suna jibge a kan iyakarmu, Sudan kuwa tana hannun Ingila da Masar. Ranar 4 ga Yuli suka kama Kasala, wadda layin dogo ya ratsa, bayan 'yan tsirarun dakarun da ke gadinta sun ja da baya. Wata shida da 'yan kwanaki suka yi kafin su fice a Janairu 1941, watan da Haile Selassie ya tsallaka daga Sudan ya koma ƙasarsa.