Amsa: Gansakukar Birtaniya, iri nawa ce, kuma tana cikin haɗari?

Malam, ka tambayi ko ƙasa kamar Birtaniya tana da gansakuka da yawa, da ko akwai wadda ke neman ɓacewa. Tana da su sosai: sama da iri 750, cikin wajen 12,000 da aka sani a duniya. Yammacin Sikotland ne matattararsu, don ruwan sama da danshin Tekun Atlantika ba sa yankewa.

Babbar matsalar tana fadamun da gansakukar Sphagnum ke ginawa. Wannan tana riƙe ruwa wajen ninki 20 na nauyinta a bushe. Idan aka haƙa magudana don kiwo ko dashen itatuwa, ruwan ya janye, sai ta bushe, ƙasar da ta tara shekaru dubbai ta soma sakin iskar kabon. Maganin shi ne a toshe magudanan, ruwa ya dawo daf da saman ƙasa. Yankin Flow Country na arewacin Sikotland irin wannan fadama ce, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin wuraren gado na duniya a 2024.

Sai iskar amoniya daga taki da gidajen dabbobi. Gansakuka ba ta da saiwar gaske, ta ganye take sha, don haka gurɓatar iska nan take ke taɓa ta. Da hayaƙin kwal ya ragu, gansakukar da ke fitowa a jikin itace ta sake bayyana a garuruwa.

In za ka ɗebi samfur, ɗan tsinke ya isa. Sa shi a ambulan takarda, kada a leda, ruɓewa zai yi. Rubuta inda ka same shi da abin da yake kai, dutse ko itace ko ƙasa.