Shawarar lauya: Mun taru mun sauke dagacinmu, kansila ya sa hannu, amma hakimi ya ƙi amincewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ne shugaban ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu. Dagacinmu ya yanka wani ɓangare na filin kara da ke gefen kasuwarmu ya sayar wa wani ɗan kasuwa, har mutumin ya fara aza harsashin shaguna. Da muka ga haka sai muka kira taro a ƙofar masallacin Juma'a, magidanta suka ɗaga hannu suka amince a sauke shi a ɗora ƙanensa, kansilan mazaɓarmu ma ya halarta ya sa hannu a takardar. Da muka kai wa hakimi takardar sai ya ce ba ta da wani amfani, ya kuma gargaɗe mu. Ashe ba mulkin dimokuraɗiyya ake yi ba? Muna so mu shigar da ƙara domin kotu ta tabbatar da zaɓenmu. Mene ne matsayinmu a doka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bayanin da zan yi ya dogara ne kacokan ga labarin da ka bayar, wanda labarin ɓangare ɗaya ne, kuma ba ka ambaci jiharku ba, alhali yawancin abin da ya shafi sarauta da ƙananan hukumomi a Najeriya dokar jiha ce ke tsara shi. Saboda haka ka ɗauki wannan a matsayin haske kan yadda tsarin yake gaba ɗaya, kafin ku zauna da lauyan da zai buɗe dokar jiharku ya karanta muku sassan da suka shafe ku.

Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Bisa dukkan alamu hakimi ya faɗa muku gaskiya a kan takardar, ko da yake wataƙila bai yi muku bayanin dalili ba. Ƙauye a Najeriya ba mataki ne na gwamnati ba a idon kundin tsarin mulki. Matakin ƙarshe da kundin 1999 ya sani shi ne ƙaramar hukuma, guda 774 a faɗin ƙasa idan aka haɗa da shida na Abuja, kuma sashe na 7 ne ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓun majalisu za su tafiyar da su, ya kuma ɗora wa kowace jiha alhakin yin dokar da za ta fayyace tsarinsu, kuɗinsu da ayyukansu. A nan ƙuri'arku take aiki: kuna zaɓen ciyaman na ƙaramar hukuma baki ɗaya, kuna zaɓen kansila na mazaɓarku, kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen. Dagaci ba ya cikin wannan jeri ko kaɗan. Shi yana kan wani tsani ne daban, wanda ya taso daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki da majalisar masarauta, kuma kowa a kan wannan tsani naɗa shi ake yi. Kundin 1999 bai ware wa sarakuna wani aiki ba, don haka naɗi da horo da tuɓe rawani duk suna ƙarƙashin dokar masarautu ta jiha da al'adar masarautar, galibi tare da sa idon ma'aikatar ƙananan hukumomi da harkokin masarautu.

Na fahimci inda ruɗanin ya samo asali. A wurare da dama, idan dagaci ya rasu, hakimi kan tara masu unguwanni da dattawa da limamai ya ji ra'ayinsu a kan masu neman sarautar, wani lokacin ma har a ƙidaya masu goyon bayan kowane ɗan takara, sannan a tura sunaye fada. Wanda ya ga an yi haka zai iya ɗauka cewa jama'a ce ta zaɓa, don haka jama'a na iya saukewa. Sai dai a mafi yawan lokuta wannan tuntuɓa ce kawai, kuma naɗin bai tabbata ba sai sarki ko majalisarsa sun amince an ba da takarda. Ƙa'idar da aka saba bi a doka ita ce wanda ke da ikon naɗawa shi ke da ikon dakatarwa ko saukewa, sai fa in dokar ta faɗi akasin haka a fili. Kiranye, wato jama'a su dawo da wakilinsu gida kafin wa'adinsa ya cika, na zaɓaɓɓu ne. Kundin tsarin mulki ya tanade shi ga 'yan majalisar tarayya a sashe na 69 da 'yan majalisar jiha a sashe na 110, na kansila kuwa sai an duba dokar jiha, kuma ko a can ba a yin sa da ɗaga hannu a ƙofar masallaci, hukumar zaɓe ce ke tantance sa hannun masu koke.

Game da kansilanku, ina ganin ya kamata a ce ya fi kowa a taron nan sanin iyakar kujerarsa. Kansila ɗan majalisar ƙaramar hukuma ne, aikinsa shi ne yin dokokin cikin gida, duba kasafin kuɗi, sa ido a kan ɓangaren zartarwa, da kai kukan mazaɓarsa gaban majalisa. Shi kaɗai ba shi da ikon yanke wani hukunci, ikon na majalisa ne idan ta zauna. Ko a cikin ƙaramar hukumar ma ba kowa ne zaɓaɓɓe ba: a jihohi da yawa ciyaman ne ke naɗa sakatare da kansilolin da ke kula da sassa irin su ayyuka, lafiya, ilimi da noma, yayin da manyan ma'aikata kamar ma'aji da daraktan mulki suke ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha. Idan kansila ba zai iya korar ma'ajin da suke shiga ofis ɗaya da shi ba, da wuya a ce sa hannunsa ya tuɓe rawanin da masarauta ta naɗa. Abin da sa hannun nan ya jawo muku, a ganina, shi ne ya shafa wa kokenku launin siyasa, wanda dagaci zai iya fakewa da shi gobe ya ce 'yan wata jam'iyya ne ke yi masa bi-ta-da-ƙulli.

Saboda haka idan kuka je kotu kuna neman ta tabbatar da ƙanen dagaci a matsayin sabon dagaci, ina tsoron ƙarar ba za ta yi nisa ba, domin ba za ku iya nuna dokar da ta ba taronku ikon naɗi ba. Akwai ma haɗarin da ya fi wannan. Dokokin sarauta na jihohi da dama sun haramta wa mutum ya riƙa gabatar da kansa a matsayin mai riƙe da sarautar da ba a naɗa shi ba, don haka ku gaya wa wanda kuka tsayar kada ya amsa sunan dagaci, kada ya zauna sauraron ƙara, kada ya buga hatimi a kowace takarda. Haka kuma kada matasa su kusanci harsashin nan da niyyar rushewa. Ranar da aka ture bulo ɗaya, magana ta tashi daga batun fili ta koma tuhumar ɓarna da shiga haƙƙin wani da tayar da hankali, kuma a matsayinka na shugaban ƙungiya sunanka ne zai fara shiga takardar 'yan sanda.

Duk wannan ba yana nufin ba ku da abin kamawa ba. Kuna da shi, sai dai yana wajen filin ne, kuma a nan dagaci ne ke da tambayoyin amsawa. Tun daga 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 315 na kundin tsarin mulki ya ba dokar kariya ta musamman. A yankunan da ba a ayyana su birni ba, sashe na 6 na dokar ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama bisa al'ada, har hekta 500 don noma da hekta 5000 don kiwo kafin a nemi yardar gwamna, sashe na 21 kuma ya nemi amincewar ƙaramar hukuma kafin a sayar ko a jinginar da irin wannan haƙƙi. Babu inda dokar ta ba dagaci ikon raba ƙasa. Abin da aka saba gani, na dagaci ko mai unguwa ya sa hannu a takardar cinikin gona, shaida ce cewa ya san mai sayarwa kuma ya san iyaka, ba shi ne ke ba da mallaka ba. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, lallai ikon masarauta ya fi haka faɗi, amma an karɓe kotuna da 'yan doka daga hannunta tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran 1976 ya miƙa mulkin karkara ga ƙananan hukumomi, sannan a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, waɗanda su ne ginshiƙin aikin dagaci a da. Har yanzu akwai masu riƙe da sarauta da ke aiki kamar ba a yi waɗannan sauye-sauye ba, kuma wannan ne ke jawo irin rikicin da kuke ciki.

Ƙari a kan haka, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sanya kafa kasuwanni da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da tashoshin mota, mahauta da maƙabartu. Idan har filin karan nan ɓangare ne na kasuwa, to ƙaramar hukuma ce ke da hurumi a kansa, kuma a nan ne kansilanku yake da aikin yi na gaske: ya gabatar da maganar a zauren majalisa, ya nemi sashen filaye ya zo ya auna, ya nemi ciyaman ya dakatar da ginin har a gama bincike. Amma na ce idan. Kafin ku zargi kowa a rubuce, ku tabbatar filin ba gadon gidan dagacin ba ne da aka ara wa kasuwa shekaru da suka wuce, ku kuma bincika ko mai ginin yana riƙe da takarda daga ƙaramar hukuma, domin in yana da ita, to abokin ƙararku ya canza. Rasiɗan kuɗin shiga da ake yanka wa masu dabbobi a filin, tsohon zanen kasuwa, da shaidar sarkin kasuwa da sarkin pawa da dattawan da suka san iyakar tun da, su ne abubuwan da za su yi muku amfani. Kalmar sayarwa ma ku yi hattara da ita idan ba ku da shaidar an karɓi kuɗi, saboda ƙarar ɓata suna ba ta da wahalar shigarwa.

Hanyar da nake ba ku shawara ita ce ku raba maganar gida biyu. Batun fili ku rubuta wa ciyaman, ku ba sashen filaye kwafi. Batun halayyar dagaci ku rubuta takardar koke zuwa ga majalisar masarauta ta hannun hakimi, cikin ladabi, ku zayyana abin da ya faru da ranakunsa, ku roƙi a bincika, ba tare da ambaton wanda kuke so ya gaje shi ba. Ku karɓi shaidar karɓa a kan kowace takarda, kamar yadda aka saba. Ku kuma sani cewa ko masarauta ba za ta sauke shi ba tare da ta ji ta bakinsa ba, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba shi haƙƙin a saurare shi kamar yadda ya ba ku, kuma tuɓewar da aka yi cikin gaggawa ita ce kotuna suka fi rushewa. Idan aka yi biris da ku, akwai ma'aikatar jiha, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda ke da ofis a jihohi kuma ba a biyan kuɗi wajen kai mata koke.

Kotu tana nan, ban rufe muku ƙofarta ba. Wasu daga cikinku na iya shigar da ƙara a babbar kotun jiha a madadin jama'ar gari, su nemi a bayyana cewa cinikin bai inganta ba, a kuma dakatar da ginin kafin a yanke hukunci. Sai dai ku lura da lokaci: dokar kare jami'an gwamnati kan taƙaita wa'adin shigar da wasu ƙararraki zuwa wata uku, ko da yake kotuna sun sha cire neman dawo da ƙasa daga wannan iyaka, kuma dokokin ƙananan hukumomi da yawa suna buƙatar a aika sanarwa kafin a yi ƙarar hukuma. Shari'ar ƙasa tana cin shekaru da kuɗi, kuma duk tsawon lokacin dagacin nan ne zai ci gaba da zama a kujerarsa, shi ne kuma 'ya'yanku za su nema idan suna buƙatar shaidar zama ɗan gari.

Don haka ni da za ku ji tawa, kafin takardar koke ta bar hannunku, ku koma wurin hakimi, wannan karon ba da takardar saukewa ba, ku roƙe shi ya kira zaman sulhu da dagaci, mai ginin, limamin Juma'a, sarkin kasuwa da wakilin sashen filaye na ƙaramar hukuma. Abin da za ku nema a zaman ya zama mai yiwuwa ne: a tsayar da ginin, a auna filin a kafa masa duwatsun iyaka, a mayar wa ɗan kasuwar kuɗinsa ko hukuma ta ba shi wani wuri ta hanyar da doka ta sani, domin mai yiwuwa shi ma ya saya ne da zuciya ɗaya. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a ofishin hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Idan dagaci ya ƙi halarta, ko ya halarta ya ƙi amincewa a auna filin, ku nemi a rubuta hakan a bayanin zaman, ku haɗa shi da takardar da za ku aika wa majalisar masarauta.