Yayanka Ya Karye a Amurka: Zai Iya Tsaya Maka a Rancen Karatu?

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na taya ka murnar gurbin digiri na biyu da ka samu a Texas. Ka ce shirin da aka yi tun farko shi ne yayanka na Houston ya sa maka hannu a rancen karatu, sai bara sana'arsa ta jigilar kaya ta durƙushe, ya je kotu ya bayyana karayar arziki, aka yafe masa basussuka. Kana tambaya: tunda yanzu ba mai binsa ko sisi, ba sai banki ya fi yarda da shi ba?

A'a, ba yanzu ba. Kotu ta shafe bashin, amma ba ta shafe labarin ba.

A nan duk wanda ya taɓa cin bashi yana da fayil a hannun kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion. Daga fayil ɗin ake fitar da maki, wanda aka fi sani shi ne na FICO, daga 300 zuwa 850. Banki na dubawa, dillalin mota na dubawa, mai gidan haya ma kan duba kafin ya miƙa maka makulli. In yayanka ya bi ta Babi na 7 na dokar karayar arziki, inda ake sayar da abin da doka ta yarda a sayar a yafe saura, tabon zai zauna shekara 10 daga ranar da ya shigar da ƙara. In Babi na 13 ne, inda ake tsara biya na shekara 3 zuwa 5, shekara 7 ne. Kai kuma, da yake ɗalibi ne daga waje, ba ka da rabo a rancen gwamnatin tarayya. Sai na kamfanoni masu zaman kansu, su kuwa abin da suka fara kallo shi ne makin mai tsaya maka.

Amma kada shekara goman ta tsorata ku a gida, ku ɗauka ya gama yawo. Tabon yana dusashewa tun kafin ya fita daga fayil, in mutum ya bi a hankali. Abu na farko, ya ciro rahotonsa kyauta daga AnnualCreditReport.com ya bi shi layi-layi. Duk bashin da kotu ta yafe ya kamata ya nuna sifili. Sau da yawa akan tarar da wani yana nan kamar har yanzu ana binsa, sai an rubuta musu su gyara.

Sannan sai katin jingina. Zai ajiye wa banki kuɗinsa, a ce dala 200 ko 300, su ba shi katin bashi daidai wannan adadin. Ya riƙa zuba man mota da shi sau ɗaya ko biyu a wata, na dala 40 gaba ɗaya, takardar biya na zuwa ya biya duka, kada ya bar ko kwabo. Kamar adashe ne: wanda ke zubi a kan kari shi uwar adashe ke yarda ta ba ɗaukar farko wata rana. Biya a kan lokaci shi ke da kashi 35 cikin 100 na makin FICO, yawan bashin da ke kanka, har da abin da ka ci daga iyakar katinka, kuma kashi 30. Shi ya sa ake cewa kada a haura kashi 30 na iyakar, ƙasa da haka ma ya fi. Wanda ke biyan duka kowane wata ba a ɗora masa kuɗin ruwa, abin da ya sa da yawanmu masu gudun riba muke bin wannan hanya, ko da yake akwai malaman da ba su natsu da sa hannu a yarjejeniyar ba tun asali. Wannan ya tambayi malaminsa.

Abin da nake jiye masa tsoro shi ne akwatin wasiƙarsa. Da zarar kotu ta sallami mutum, sai takardu su fara sauka: zo ka ɗauki mota, an amince da kai. Ba ƙauna ba ce. Sun san wanda aka yafe wa ta Babi na 7 ba zai sake samun irin yafiyar ba sai bayan shekara 8, saboda haka ba shi da wurin gudu. Mafi muni su ne shagunan rancen kafin albashi, waɗanda ruwansu in aka lissafa a shekara yakan kai kusan kashi 400. Da masu cewa a biya su su goge tabon. Bayanin da yake gaskiya ne ba mai iya goge shi.

In ya daure, rancen gida mai garantin FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, yana buɗewa shekara 2 bayan sallamar Babi na 7, na yau da kullum kuma galibi sai 4. Kamfanonin da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci su ma suna duba fayil ɗin nan.

Ko da wani kamfani ya karɓi sa hannunsa gobe, ni ba zan so ka ɗora masa ba. Mai tsayawa ba shaida ba ne, shi ma ya ci bashin. Ka makara wata ɗaya, makinsa ne zai faɗi. Rancen karatu kuma yana cikin basussukan da kotu ba ta cika yafewa ba, tare da kuɗin ciyar da 'ya'ya da yawancin haraji; shi na karatun ba a yafe shi sai an tabbatar da matsananciyar wahala. Mutumin da ya fito daga rami jiya, ba a miƙa masa irin wannan kaya.

Kai dai ka rubuta wa shugaban sashenku yau, ka nemi aikin taimaka wa malami a koyarwa ko bincike. A digiri na biyu irin wannan aiki yakan ɗauke kuɗin makaranta, duka ko wani ɓangare, da ɗan alawus a kai, kuma takardar aikin tana shiga cikin shaidar kuɗin da makaranta ke nema kafin ta ba ka I-20, fom ɗin da za ka nemi bizar karatu da shi. In babu gurbi bana, ka roƙi a ɗage maka shiga zuwa baɗi. Ka gaida Baba da Inna, ka kuma kira yayan naka ka yi masa jaje kafin ka tayar da zancen sa hannu.