Amsa: raba adireshin wayoyin tebur da na kwamfutoci

Malam, ka ce a ofishinku na Ringim murya na yankewa idan ana sauke fayil. Buɗe VLAN biyu, wato rukuni biyu daban-daban, a suwic (na'urar da ake jona kwamfutoci da wayoyi): kwamfutoci 192.168.10.0/24, wayoyi 192.168.20.0/24. Kowanne adireshi 254 ne, ya ishe ku har da ragi. Rawuta ta riƙa raba adireshin ta DHCP (tsarin ba na'urori adireshi kai tsaye), kowane rukuni da nasa.

Kula da kwamfutar da aka jona a bayan waya, wannan ya taɓa cinye min yini guda. A ramin suwic ɗin da wayar take, kwamfuta ba tambari, waya da tambarin 20, wato lambar rukunin wayoyi. Raba su rukuni biyu kaɗai ba ya gyara murya, sai ka ba rukunin wayoyi fifiko. Don Allah ka ɗora suwic ɗin kan inbata, tunda shi ke ba wayoyin wuta.